Malamina ya ƙi taken kundina har sau biyu: amsa ga ɗalibar adabi mai son rubutu kan muhalli

"Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji huɗu, sashen Turanci da nazarin adabi, a wata jami'a a Arewa. Asalinmu mutanen yankin Anka ne, kuma tun ina ƙarama nake jin labarin yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukanmu. Shi ya sa da aka zo zaɓen taken kundin kammala digiri na ce a kan adabi da adalcin muhalli zan rubuta. Sau biyu ina kai take, malamin da ke duba aikina yana dawo min da shi. Na farko 'Adabi da Muhalli a Najeriya', ya ce wannan ba take ba ne. Na biyu na sa gubar dalma a Zamfara, ya ce in tafi sashen labarin ƙasa. A gida kuma Baba yana tambaya wane aiki ake samu da wannan karatu. Saura wata huɗu a miƙa kundi. In haƙura in ɗauki irin taken da kowa ke ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ƙanwarmu.

Kada ki haƙura. Fagen da kika zaɓa sananne ne, ana rubuta kundin digiri na farko har na uku a kansa a jami'o'in Najeriya. Sai dai za mu faɗa miki abin da ba lallai ki so ji ba: sau biyun nan duk malaminki ne ke da gaskiya. Taken farko ɗaukar Dala ba gammo ne, ko farfesa ba zai tattara adabin Najeriya kakaf da muhallinta a shafi hamsin ba. Na biyu kuma yana da abin da ya faru, amma ba shi da matani. A sashen adabi abin da ake feɗewa shi ne ƙagaggen labari, ko waƙa, ko wasan kwaikwayo. In babu ɗaya daga cikinsu a takenki, duk zafin da maganar ke da shi a zuciyarki, aikin na wani sashe ne. Taken da ke wucewa yana ɗauke da sunan littafi ɗaya ko biyu, da kusurwar da za a duba su, da tambayar da ba a san amsarta ba sai an yi karatun. Tambaya irin "shin malalar mai tana cutar da jama'a?" ba ta buƙatar wata huɗu, ko ɗan firamare zai amsa ta.

Ki fara da sanin inda maganar ta taso, domin babinki na biyu daga nan zai fito. Kiran adalcin muhalli a Amurka ya samo asali. A 1982 mazauna gundumar Warren a jihar Karolina ta Arewa, akasarinsu baƙaƙen fata kuma talakawa, suka kwanta a kan titi don tare motocin da ke kawo ƙasa mai guba a jibge musu. An kama fiye da mutum 500, jujin kuma an yi shi, amma tambayar da suka tayar ba ta kwanta ba: me ya sa shara mai guba kullum unguwar marasa ƙarfi take nufa? Robert Bullard ya bi wannan tambaya a littafinsa Dumping in Dixie na 1990. A ɓangaren adabi kuwa, The Ecocriticism Reader da Cheryll Glotfelty da Harold Fromm suka tattara a 1996 shi ne kusan kowane ɗalibi ke farawa da shi. Ki karanta gabatarwarsa, amma kada ki jingina aikinki duka a kansa. Rubuce-rubucen farko na wannan ra'i na nazarin muhalli a adabi sun fi damuwa da dajin da babu mutum a ciki, da tsaunuka, da marubuci shi kaɗai a bakin tafki yana tunani. In kika aza wannan ma'auni a kan littafin Najeriya zai fito a karkace, saboda a nan gona da rafi da makiyaya su ne tuwon gobe. Masanin tarihi ɗan Indiya Ramachandra Guha ya yi wannan suka tun 1989. Waɗanda za su fi yi miki amfani su ne Rob Nixon a Slow Violence and the Environmentalism of the Poor na 2011, Cajetan Iheka a Naturalizing Africa na 2018, da Sule Egya a Nature, Environment, and Activism in Nigerian Literature na 2020. Ko ukun nan kawai kika karanta da kyau, sun fi jerin sunaye talatin da ba ki buɗe ba.

Najeriya ma tana da nata tarihin, kuma shafi ɗaya ya ishe shi a babin farko. A 1988 aka gano dubban durom na shara mai guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta, a filin wani mutum da ake biya dala 100 a wata. A shekarar gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta farko. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 kuma aka rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da wasu mutum takwas na ƙabilar Ogoni a Fatakwal. Daga nan adabin Neja-Delta ya ƙara kaifi.

To, me ake nufi da adalci a nan? Ɗalibai da yawa suna maimaita kalmar a kowane shafi ba tare da sun tsaya sun warware ta ba, sai ta zama ado. Tambayoyi uku ne a cikinta, kamar yadda David Schlosberg ya tsara a 2007, kuma ba sai kin je nesa ba za ki gan su, suna nan a Bakolori kusa da Talata Mafara. An kammala madatsar a 1978. Tambaya ta farko ta rabo ce: wa ya sami ruwan noman rani, wa gonarsa ta nutse, su wa ke ƙasa da madatsar da fadamarsu ta daina samun ambaliyar da suke noman shinkafa da ita? Ta biyu: wa aka zauna da shi kafin a yanke hukunci, wa ya auna gona da itatuwa ya sa musu kuɗin diyya? Ta uku ta mutunci ce: an ɗauki manomin a matsayin mai ilimin ƙasarsa da haƙƙi a kanta, ko a matsayin cikas ga ci gaba? Da manoma suka tare hanyoyin aikin kan batun diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilun 1980. Tambayoyin nan uku su za ki riƙa yi wa kowane littafi da kika ɗauka. Sai ki ƙara ta huɗu, wadda ita ce ta mai da aikin na adabi: ta bakin wa aka ba da labarin, kuma wa aka bari bai ce uffan ba?

Nan ne abin da kika sani game da Anka zai yi miki rana, ko da bai shiga take ba. Abin da Nixon ya tsaya a kai shi ne akwai ta'adin da ke tafiya sannu, ba fashewa, ba hayaƙin da kyamara za ta ɗauka, ba rana guda da za a ce a ita abin ya faru, don haka labari da jarida suke kasa riƙe shi. Gubar dalma irin wannan ce sak. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida a daka a turmi, ko a kai injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Sai a 2010 likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta MSF suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Aƙalla yara 400 suka rasu, waɗanda suka rayu kuma da yawansu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, illar da ba ta komawa. Ko maganin ma ba ya amfani sai an kankare ƙasar saman gida an zuba sabuwa, in ba haka ba yaro zai koma ya sake kwasa. Shi ya sa yaran Bagega, wani ƙauye a Anka, suka yi ta jira har 2013 kafin a share garin a fara ba su magani. Wanda ya taso da wannan labari a kunnensa ya riga abokan karatunsa fahimtar Nixon. Ki sa Zamfara a sakin layi biyu ko uku a shimfiɗar bincike, ki sake taɓo ta a babi na biyar inda ake ba da shawarar bincike na gaba. Amma kada ta hau take sai kina riƙe da littafi ko waƙa a hannu da ta yi magana a kanta.

Yanzu zaɓen matani. Biyu sun isa, uku sun yi yawa ga wata huɗu. Hanya mafi sauƙi ita ce Oil on Water na Helon Habila, ɗan Kaltungo, wanda ya fito a 2010, a haɗa shi da Yellow-Yellow na Kaine Agary na 2006. Ana samun su a kasuwa, kuma an yi sharhi a kansu da yawa, abin da ke taimako kuma yake jawo matsala, domin malaminki ya riga ya ga kundi barkatai a kansu, duk suna faɗin abu ɗaya. In Arewa kike so ki tsaya, akwai Fire in My Backyard na Aliyu Kamal na 2004, a gefensa Burning Grass na Cyprian Ekwensi na 1962, labarin Bafulatani Mai Sunsaye da ciwon yawo ya kama. Ekwensi a Minna aka haife shi, kuma ya yi aikin gandun daji kafin ya yi suna a rubutu, amma ya rubuta littafin tun kafin a fara kiran adalcin muhalli, don haka kada ki cusa masa maganar da bai yi ba. Tambayar da ta dace da waɗannan biyun ita ce yadda kowannensu ya kalli wuta da ciyawa da itace, da wanda yake ɗora wa alhakin lalacewar ƙasa. In waƙa ta fi kwanta miki, ki zaɓi shida zuwa takwas daga The Eye of the Earth na Niyi Osundare na 1986 da Delta Blues and Home Songs na Tanure Ojaide na 1998. Ko wanne kika zaɓa, ki tabbatar cikakken littafin yana hannunki kafin ki rubuta sunansa a take. Kowace shekara ana samun ɗalibin da aka amince da takensa, sai a wata na biyu ya gano rabin littafin kawai aka yi masa hoto.

Bari mu nuna miki yadda tambaya ke fitowa daga cikin littafi, da Oil on Water. Kundi mai rauni zai ce littafin ya nuna gurɓatar ruwa da mutuwar kifi da ƙauyukan da aka watse, ya jero misalai, ya rufe. Duk gaskiya ne, amma wannan taƙaita labari ne. Ki dubi abin da ke jan labarin gaba. 'Yan jarida biyu, matashi Rufus da tsohon hannu Zaq, suna cikin kwalekwale suna ratsa rafuka, kuma abin da ya fito da su shi ne neman matar wani Bature injiniyan mai da aka sace. Mace ɗaya ake nema, an ware kuɗi da jarida da sojoji dominta. Ƙauyukan da suka mutu kuwa a hanya ake wuce su. Labarin garin da ya yi murna da wutar iskar gas kafin mutanensa su fara mutuwa ba daga bakin mutanen garin muka ji shi ba, wani likita ne ya ba da shi, wanda ya auna ruwa da jini ya aika sakamako ba abin da ya canza. Ba sai kin je nesa ba, Boma, 'yar'uwar Rufus mai ba da labarin, tana nan da tabon ƙuna a fuska, amma ita ma ta bakin Rufus muke saninta. Sai ki tambaya: Habila ya gina labarin haka ne don ya tona yadda duniya ke auna rai da rai, ko kuwa shi ma littafin ya faɗa cikin ramin da yake nunawa, ya mai da mutanen rafi kayan bango? Ana iya kare kowane ɓangare da hujja daga shafukan littafin, kuma wannan shi ne alamar tambaya ta gari. Sai ki kawo Yellow-Yellow, inda yarinyar da man ya malale gonar mahaifiyarta, Zilayefa, ita ce da kanta take magana, ki ga me ya canza in wanda abin ya shafa ne ke riƙe da labarin, da abin da ya ɓace daga idon mai karatu da zarar ta bar ƙauye ta koma Fatakwal. Take ya fito ke nan: murya da shiru wajen ba da labarin ta'adin muhalli a waɗannan littattafai biyu. Ki juya shi zuwa Turanci da kalmomin da ba su wuce goma sha biyar ba.

Aikin hannu kuma ga yadda ake yinsa. Karatu na farko ki yi shi a guje, ba biro. A na biyu ki ja layi a littafin rubutu, gida biyar: lambar shafi, abin da ya sami ƙasa ko ruwa ko jikin mutum, wanda ke ba da labari a wurin, wanda ya ci riba da wanda ya ɗauki asara, sai dabarar marubuci, wato siffantawa ce, ko kamance, ko tsallen lokaci, ko shiru. Ki tara wurare goma zuwa goma sha biyu a kowane littafi. In kin gama ki karanta gida na biyar daga sama zuwa ƙasa, za ki ga wuraren sun kasu da kansu gida biyu ko uku, su ne ƙananan kanun babi na uku da na huɗu. Kowane sakin layi na nazari ya fara da abin da kike iƙirari, sai ɗan tsakure daga littafin da bai wuce layi uku ko huɗu ba, sai sharhinki a kan kalmomin tsakuren, wanda ya kamata ya ninka shi tsawo aƙalla sau biyu. Ra'i jimla ɗaya ko biyu ya ishe shi a nan. Ciwon da ya fi kashe irin wannan kundi shi ne a cika babi na biyu da Nixon da Iheka, sannan a shiga babi na uku a manta da su sarai, kamar ba a taɓa haɗuwa ba. A wajen kare kundi tambayar farko da ake yi ita ce a nuna shafin da ra'in ya yi aiki.

Sai ɓangaren ɗa'a, wanda ɗalibai kan haɗa shi da adalci su cakuɗa. Adalci yana tambayar yadda aka raba cuta da amfani tsakanin mutane. Ɗa'ar muhalli tana ƙara gaba: akwai haƙƙin kogi, da kifi, da wanda ba a haifa ba tukuna? Aldo Leopold ya buɗe wannan ƙofa a 1949, Iheka kuma ya shigo da ita adabin Afirka, har yana tuhumar masu sharhi da mantawa da duk abin da ba mutum ba. Amfanin wannan gare ki shi ne zai hana ki raba duniya gida biyu, kamfani mugu, ƙauye waliyyi. Ɗan bindigar da ya fasa bututu don ɗaukar fansa rafin garinsu ya ƙara kashewa. Uban da ya kawo dutse gida a Bagega shi ne ya shigo da gubar, kuma shi ne ya binne ɗansa, kuma abin da ya kai shi ramin shi ne zinare ya yi tsada noma kuma ba ya riƙe gida. Matar da ke girki da itace ko gawayi ita ake nunawa da yatsa a taron dashen bishiya, ba a tambayar nawa ake cika tukunyar gas. Littafin da ya iya riƙe irin wannan sarƙaƙiya ya fi wanda ya zaɓi mugu ɗaya ya rataya masa komai, kuma kina da damar faɗin haka a kundinki. Wani abin da ya cancanci sakin layi, in kina da ƙarfin hali: Yellow-Yellow ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2008, littafin Aliyu Kamal kuma ya ci kyautar ƙungiyar marubuta wadda kamfanin mai na Chevron ya ɗauki nauyi. Ba zargi ba ne a kan marubutan. Tambaya ce ta halal a kan wanda ke ciyar da adabin da ke sukarsa.

Wataƙila zuciyarki ta raya miki ki shigo da mahangar Musulunci, kuma akwai abin shigowa da shi: halifancin ɗan'adam a bayan ƙasa a aya ta 30 ta Baƙara, ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku saboda aikin hannun mutane a aya ta 41 ta Rum, hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, da ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi rubutu a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, ga kuma burtali da hurumi da mashaya da al'ada ta keɓe. Amma sharaɗi ɗaya ne: sai in littafin da kike nazari shi ya buɗe ƙofar, ta bakin taurarinsa ko ta yanayin al'ummar da ya zana. A littafin Arewa wannan na iya zama ginshiƙin babi guda. A Oil on Water ba shi da wurin zama, in kika tura shi da ƙarfi zai koma wa'azi, maki kuma ba ya zuwa ta nan.

Akwai wata hanya da za ta kai ki Anka kai tsaye, wato adabin baka: waƙoƙin daka da niƙa, waƙoƙin noma, kirarin mahaƙa, labaran da mata ke bayarwa game da shekarar da yara suka yi ta mutuwa. Aiki ne mai daraja, amma shawararmu ki ajiye shi sai digiri na biyu. Yana buƙatar izinin sashe, da naɗar murya, da rubutawa, da fassara, kuma sa'a ɗaya ta hira takan ci sa'a biyar ko shida kafin ta hau takarda. Yana buƙatar yardar kowace mai magana bayan an yi mata bayanin inda maganarta za ta je, da ɓoye sunanta, da sanin cewa uwar da ta rasa ɗa ba rijiyar ɗiban bayani ba ce. Ga halin tsaro a hanyoyin yankin, wanda kin fi mu sani. Wata huɗu ba za su ɗauki wannan ba.

Ki yi hattara da alƙaluma. Ƙagaggen labari ba hujja ba ne a kan abin da ya faru a zahiri, don haka duk lambar da za ki kawo ta fito daga rahoto mai suna da shekara. Kan Ogoni, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu sinadarin benzin a ruwan sha na Nisisioken Ogale ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, ya kuma ce gyara na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Kan Tafkin Chadi kuwa kowa na rubuta cewa ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari ba tare da faɗin yaushe ba. Wannan kwatanci ne tsakanin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 da abin da ya rage bayan farin shekarun 1970 da 1980. Binciken tauraron ɗan'adam na baya-bayan nan ya nuna tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba tun shekarun 1990. Lamba ba shekara tana iya zama ƙarya ko da asalinta gaskiya ce.

Mako goma sha shida kike da su. Biyun farko na karatu ne da cika jadawalin nan mai gida biyar. A na uku ki kai take. Babi na ɗaya a mako na huɗu, na biyu zuwa ƙarshen na shida, kuma duk lokacin da wani babi yake teburin malam kada ki zauna jira, ki shiga na gaba. Babi na uku da na huɗu su ci mako biyar, domin su ne kundin. Na biyar mako ɗaya. Biyu na gyara, ɗaya na bugawa da ɗinki, ɗaya kuma ki bar shi fanko saboda wuta da rashin lafiya da tafiyar malam. In kundin shafi hamsin ne, kusan bakwai ga babi na ɗaya, goma sha biyu ga na biyu, goma sha uku-uku ga na uku da na huɗu, sauran ga kammalawa, sai dai in littafin ƙa'idar sashenku ya faɗi wani abu daban, to shi za ki bi. Manazarta goma sha biyar zuwa ashirin sun wadatar. Ki nema a rumbunan maƙaloli na intanet irin su AJOL da Google Scholar, ki yi rajistar kyauta a JSTOR, ki duba mujallun ISLE da Green Letters, ki kuma tambayi ɗakin karatu ko jami'arku tana da rajista da wasu rumbunan. Duk abin da kika karanta ki rubuta cikakken bayaninsa a tsarin MLA nan take, har lambar shafi, domin neman shafi a makon ƙarshe shi ke sa mutane ƙirƙira. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ba ki sunan maƙala da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya, kuma malamin da ya san fagen zai gane da kallo ɗaya. Abin da ba ki buɗe da idonki ba kada ya shiga manazarta. Kundin da ake sayarwa a shagunan buga takardu kuwa kin san hukuncinsa.

Maganar Baba tana da amsa mai sauƙi, kuma ki ba shi ita cikin ladabi: taken kundi ba ya canza takardar digiri. Ko a kan soyayya kika rubuta ko a kan malalar mai, digirin Turanci ne za a ba ki, da duk ƙofofin da yake buɗewa, koyarwa, jarida, rediyo, aikin gwamnati. Ba za mu ce miki akwai ofishin da ke jiran masu nazarin adabin muhalli ba. Abin da wannan take ke ƙara miki shi ne sanin wani fage da ake kashe kuɗi a kansa a Arewa yanzu. Dokar auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta tanadi a ji ta bakin jama'a kafin manyan ayyuka, shirin Babbar Katangar Bishiyoyi yana aiki a jihohi 11, shirin ACReSAL na Bankin Duniya na farfaɗo da ƙasar da ta lalace yana jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma duk suna buƙatar mai iya zama da mutanen ƙauye da Hausa ya fito ya rubuta rahoto mai kyau da Turanci. Kuɗin share Bagega ma sai da matasan ƙungiyar bin diddigin kuɗin gwamnati ta Follow The Money suka yi ta yayata labarin garin kafin gwamnati ta sake su a farkon 2013. In kina son wannan hanya, ki fara tara abin nunawa tun yanzu: gajerun rubuce-rubuce uku ko huɗu da aka buga, ɗaya da Hausa, da fassarar taƙaitaccen wani rahoto, sannan lokacin bautar ƙasa ki nemi a tura ki gidan rediyo ko ma'aikatar muhalli.

Ranar da za ki koma wajen malam kada ki je da take a baki. Ki je da shafi biyu a buge: taken a sama, tambayar bincike a jimla ɗaya, sunayen littattafan biyu, ra'in da za ki yi amfani da shi da dalilin zaɓensa a layi biyar, manazarta takwas da kika riga kika karanta, da sakin layi ɗaya na nazarin wani shafi don ya ga hannunki. Ki riƙe littattafan da jadawalinki. Ki tanadi take na biyu a jaka, misali na Kamal da Ekwensi, ko da zai ce an gaji da Neja-Delta. In ya ce ki rage zuwa littafi ɗaya ki karɓa, sai ki raba babi na uku da na huɗu bisa jigo, ɗaya a kan murya, ɗaya a kan lokaci, ki kuma roƙe shi ya sa hannu a kan taken a ranar, domin mako na huɗu ya same ki kina rubutu.